Tafiyar Ɗalha Mai Rijiya Zuwa Jinja

Duk wanda ya sha ruwa tsakanin Dudunni da Bauranya, in dai ba na burtsatse ba ne, da wuya a ce bai sha gumin Malam Ɗalha ba. Mahaƙin rijiya ne tun yana saurayi. Da damina ya noma gero da wake kamar kowa, da rani ya ɗaura igiya a ƙugu a zura shi cikin ƙasa, ya yini yana sara a wurin da ko juyawa mutum ba ya yi da daɗi. Gajere ne, ƙaƙƙarfa, kuma Allah bai hore masa magana ba. Mijin yayata Adawiyya ne, saboda haka na san shi ciki da bai, kuma ba zan ɓoye muku ba, mutum ne mai wuyar zama. Ka gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya. Ka ba shi labari ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To." Ni kuwa Ma'aruf, tsohon malamin firamare a Kankiya, da bakina na ci abinci duk rayuwata, don haka zamanmu bai taɓa yin armashi ba.

Ɗansa na fari sunan mahaifin Ɗalha aka sa masa, Zulkifli, shi ya sa kowa ke ce masa Babba. Kowa ban da uwar da uban. A wajenmu iyaye suna kunyar ɗan fari: ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban mutane, ba sa yabonsa. 'Yan zamani sun sassauta, amma Ɗalha ya riƙe abin kamar farilla, tunda ga kunyar ɗan fari ga ta sunan uba. Ana yaye yaron aka kawo shi gidana a Kankiya, nan ya tashi cikin 'ya'yana. Duk kaka sai ga Ɗalha da buhun gero, ya sauke a zaure ya ce, "Ina mutanen gidan?" Yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon bango. In yana son ya ji yadda karatu ke tafiya, sai ya bari yaron ya fita, ya ce mini, "Wancan hwa?" Haka Babba ya girma, sunansa a bakin ubansa wancan.

Yaron akwai kai. Da wani mai hali a Kankiya ya ɗauki nauyin wasu matasa zuwa jami'a a ƙasar Yuganda, har da shi a ciki. Suka gama, kowa ya dawo gida, ban da Babba. Da farko ya ce takardar shaida yake jira, daga baya ya ce ya sami ɗan aiki. Sai hotuna suka fara yawo a wayoyin samari: ga Babba cikin kwalekwalen roba, da hular kwano a ka, Turawa maza da mata sun kewaye shi, kayan jikinsu duka in ka haɗa ba za su ɗinka wa yaro riga ba. Aka ce wai garin sunansa Jinja, a bakin Kogin Nilu, kuma aikinsa ke nan, ya ɗebi baƙi ya kai su inda ruwa ke hauka.

A Dudunni, garin su Ɗalha, hoto ɗaya ya isa a shekara ana taunawa. Wasu suka ce ya bar salla, wasu suka ce ya auri Baturiya, wata tsohuwa ta rantse aljanun ruwa ne suka riƙe shi. Ɗalha ya daina zama a majalisa bayan la'asar. Rannan da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana, ashe ya sayar da bijimansa na huɗa.

Ya ce, "Ticha, kai ka iya Turanci. Za ka raka ni in ɗauko wancan."

Na ce, "Haba Malam, ga waya. Ka karɓa ka yi masa magana mana."

Ya ce, "Waya ba ta kamo hannun mutum."

Da za mu tashi, Adawiyya ta miƙo mini ƙullin dambun nama da yaji da kuka, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka kai ma mutanen can." Ita ma ba ta faɗi sunan ba.

Ba zan gajiyar da ku da labarin jirgi ba. Daga Kano muka tashi, muka sauka Habasha, muka sake hawa wani, sannan mota ta kwashe mu zuwa Jinja. Duk tafiyar nan Ɗalha yana riƙe da carbi, bai ko leƙa taga ba.

Gari ne kore shar, wannan kam ban isa in hana shi ba. Amma abin da ya cika shi ya ɓata mini rai tun daga tasha. Turawan da muka sani a gida cikin manyan motoci suke, da direba da sanyin na'ura. Waɗannan kuwa yara ne, samari da 'yan mata, kowanne goye da jaka da ta fi shi tsawo, ƙafa duk datti, gajeren wando a yage, gashi kamar sheƙar tsuntsu. Na ga wani ƙato da gemu har ƙirji ya tsaya yana jayayya da mai soya ƙwai a bakin titi a kan ragin da ko yaron makaranta zai ji kunyar nema. Suna kwana jibge a ɗaki ɗaya, a gadaje masu hawa biyu irin na makarantar kwana. Na ɗauka matalautan ƙasarsu ne aka koro. Daga baya Babba ya ce mini a'a, yawancinsu 'ya'yan masu shi ne, da gangan suke yawon duniya da araha. Wato aron talauci suke yi na 'yan makonni, in sun gaji su mayar wa masu shi.

A ƙofar masaukin da yake aiki Babba ya tarye mu. Ya yi faɗi, ƙirjinsa ya buɗe, rana ta ƙona shi. Yana hango mu ya sheƙo da gudu ya ware hannuwa zai rungumi ubansa, yadda ya ga mutanen can suna yi. Ɗalha ya goce gefe kamar wanda jaki zai banka. Yaron ya tsaya da hannuwa a sama, sannan ya tuna ko shi ɗan ina ne, ya durƙusa a kan tsakuwa.

"Baba, sannu da zuwa. Kun sha hanya."

Ɗalha ya ce, "Lahiya," yana kallon wata bishiya.

A daidai lokacin wata Baturiya ta leƙo daga rumfa, da abin da ba zan kira shi riga ba, tana ƙwala kira, "Zul, Zul." Na ga Ɗalha ya ɓata fuska. Sunan mahaifinsa ne, wanda shi kansa bai taɓa ɗora wa harshe ba tun da aka binne tsohon, ga shi an datse shi gida biyu ana kira kamar ana kiran ɗan akuya.

Babba, don ya girmama mu, ya sama mana ɗakin da ya fi kowane kyau a wurin, mai kallon kogi. Bai lura cewa jikin mashaya yake ba, ko kuma ya saba har ya daina gani. Kiɗa tun azahar, warin giya har kan dardumarmu. Abinci kuma ayaba ce ake dafawa a tuƙa a ce tuwo. Ɗalha ya taɓa sau ɗaya ya ture, ya koma kan garin kunu da ƙuliƙulin da ya ƙullo daga gida.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗe ta ko ba na so: yaron bai bar salla ba, shi ya kai mu masallacin garin, kuma limamin ya san shi. Babu wata Baturiya da ya aura. Amma wannan bai wanke shi a wurina ba. Ni na koya masa baƙi da wasali. A ce duk karatun nan ya ƙare a tuƙa 'ya'yan wasu suna ihu a cikin ruwa, abin ya ƙona mini rai.

Kashegari ya zaga da mu. Ya kai mu wani wuri da aka gina doguwar hasumiyar ƙarfe a kan kogin. Mutum zai hau can ƙoli, a ɗaure masa ƙafafu da igiya, ya faɗo da ka har ya kusa taɓa ruwa, igiyar ta fizgo shi sama yana lilo. Ɗalha ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni, ko da yake Babba na tsaye kusa da kafaɗarsa.

"Tambaye shi, mi suke ɗaukowa a ƙasan?"

Babba ya ce, "Ba komai, Baba. Daɗi kawai suke ji."

Ɗalha ya sake ce mini, "Nawa ake biyan su?"

Na ce, "Su suke biya, Malam."

Ya tofar da yawu. Ya ce, "Ni tun ina saurayi ake zura ni da igiya don ɗiya su ci tuwo. Na san mutanen da ƙasa ta ruhe, mun tono su da hannunmu. Waɗanga ƙoshi ya yi masu yawa."

Rabona da in ji ya yi magana mai tsawon haka har na manta, kuma ranar na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Samun wuri ne, kuturu da gaɗa a cikin rama.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Uba da ɗa suna zaune a tabarma ɗaya, ni ne waya a tsakaninsu. "Hwaɗa mashi gona ta hi ƙarhina." "Hwaɗa mashi mutane na magana." "Tambaye shi, wanga shi ne aikin?" Babba ya amsa wa ubansa kai tsaye, uban ya saurara yana kallon ruwa, sannan ya ba ni amsar in miƙa. Hausa duk muke ji, amma na zama tafinta.

Rannan Babba ya nace sai mun ga aikin da idonmu. Aka sa mu a bayan wata babbar mota aka kai mu can gangaren kogin, inda ruwan ke kwararowa tsakanin duwatsu da ƙara kamar ana niƙa a injin. Muka tsaya a kan tudu. Can sai ga kwalekwalen robarsa ya ɓullo, shi a baya yana ba da umarni, baƙinsa suna tuƙi ba kan gado. Suka shiga tsakiyar haukan ruwan, jirgin ya miƙe tsaye, ya kife. Kawuna suka dinga ɓullowa ɗaya bayan ɗaya suna dariya. Na Babba bai ɓullo ba.

Ban san lokacin da Ɗalha ya miƙe ba. Sai gani na yi ya gangara har bakin dutse, hularsa ta faɗi, takalmi ɗaya a ƙafa, leɓɓansa suna motsi amma ba sauti. Mutumin da ko kududdufi bai taɓa iyo a ciki ba, saura ƙiris ya faɗa Nilu. Sai ga Babba ya taso daga ƙarƙashin jirgin, riƙe da wuyan rigar wani yaron Bature da ya maƙale a ciki. Kafin ya ɗago ido ya dubi tudu, Ɗalha ya riga ya koma mazauninsa, ya mayar da hula, ya ɗauko carbi. Abin da yaron ya gani shi ne ubansa zaune yana kallon wani gefen.

Da yamma na ja Babba gefe na ba shi labari, har da takalmin.

Ya yi murmushin da ban so ba, ya ce, "Kawu, kullum kai kake gani. Ni ban taɓa gani ba."

Na ce, "Kai wane irin yaro ne? Mutum ya sayar da shanunsa ya ratso ƙasashe saboda kai, me kuma kake nema?"

Ya ce, "Ya ratso ƙasashe ya zo yana kallon bishiya. Kawu, ba na jayayya da ku. Wallahi in ya dube ni ya ce da bakinsa, ka dawo gida, ko bai kira sunana ba, zan haɗa kayana in bi ku. Amma ba ta bakinka ba."

Na ji haushinsa, don ɗa ba ya gindaya wa uba sharaɗi. Amma na ga abin ya zo da sauƙi, kalma uku ce. Na sami Ɗalha bayan magariba na faɗa masa. Ya ƙarasa jan carbinsa.

Sannan ya ce, "Ni zan roƙi abin da na haihwa? Zuwan da na yi ba magana ba ne?"

Na ce, "Magana ce a Dudunni. Yaron nan ya daɗe cikin mutanen da komai sai sun faɗa da baki."

Ya ce, "To ya zauna da su."

Amma na lura bai ci ko ƙuliƙulin ba a daren, kuma da safe na ji shi a bayan ɗaki yana ta gyaran murya shi kaɗai, kamar mai shirin kiran salla. Na sa rai. Ina ganin da an bar su su biyu a wannan safiyar, da wani labarin nake ba ku.

Ba a bar su ba. Ranar ce ta ƙarshe, kuma matar da ke da jiragen robar ta ce sai ta gaisa da mu. 'Yar ƙasar ce, babbar mace mai fara'a, ba ni da abin da zan zarge ta da shi sai yawan baki. Ta tara ma'aikatanta da wasu baƙin a rumfa, ta sa aka kawo shayi, ta tsayar da Babba a tsakiya ta shiga yabonsa da Turanci, ina juya wa Ɗalha. Ta ce ba ta da matuƙi kamarsa, ta ce ba ya sha, ba ya ƙarya, ta ce akwai iyaye a ƙasashe da dama da 'ya'yansu ke raye saboda shi. Sannan ta juyo ga Ɗalha, ta ce, "Wannan ɗanka ne? Lalle kana alfahari da shi."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san amsar da ake bayarwa. In aka yabi ɗanka a bainar jama'a, kai ba ka karɓa. Ka kan kawar da yabon, ka jingina yaron ga wanda ya rene shi, ka ɗan kushe shi don kada baki ya kama shi. Ladabi ne, kuma tsari ne. Ɗalha ya yi abin da ubansa da kakansa za su yi. Ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Hwaɗa mata ɗan gidan Malam Ma'aruf ne, shi ar rene shi. Kuma ba wani abin kirki ya iya ba, haƙuri dai suke da shi."

Na buɗe baki zan gyara zancen in ce yana godiya. Babba ya riga ni. Cikin Turanci, da murya a kwance, ya ce wa matar, "Ya ce ni ba ɗansa ba ne, kuma ban iya komai ba."

Wata yarinya ta dafe baki, wani ƙaton ya harari Ɗalha kamar ya ga mugu. Ɗalha bai ji Turancin ba, amma ya ga fuskokin. Ya dube ni yana neman bayani. Na ce da Babba da Hausa, "Kai, ka san ba haka yake nufi ba. A gidana ka tashi, ka san al'ada."

Ya ce, "Na sani, Kawu. Na san abin da yake nufi tun ina yaro. Na gaji da fassara ne."

Ya ɗauki hular kwanonsa ya fita, baƙinsa suna jiransa a mota. A ranar na tsani garin nan da kogin da duk wani mai jakar goyo a cikinsa, na tsani taurin kan yaron, na kuma tsani na uban, don a wurinsa ya gada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Duk da haka ya zo tasha da za mu tafi. Ya sa mana kaya a mota, ya ba ni leda cike da ganyen shayi ya ce in kai gida. Sannan ya zagaya ta tagar da ubansa yake, ya tsaya. Ya ɗora hannunsa a kan gilashin. Direba yana ta lissafin fasinja, an daɗe ba a tashi ba. Na zunguri Ɗalha da gwiwar hannu har sau nawa. Ya kafe idonsa a ƙeyar mutumin da ke gabansa, gumi yana bin wuyansa. Motar ta tashi.

Sai da muka haye gadar kogin, garin ya ɓace a bayanmu, sannan ya ce, "Ticha, rigar nan da suke sawa don kar su nutse, igiyar gehen tashi ta saki. Ka hwaɗa mashi ya gyara."

Na ce, "Ba zan faɗa ba. Yana tsaye a gabanka, me ya hana ka?"

Ban ƙara ce masa uffan ba har Kano. Amma na faɗa wa yaron daga baya, don ba zan bar shi da sakakkiyar riga saboda fushi ba.

Yau Ɗalha ya tsufa, ba ya shiga rijiya, masu injin burtsatse sun karɓe aikin. Bai sake mallakar shanun huɗa ba, sai ya jira maƙwabta su gama tasu sannan a yi masa. Babba yana can, yana aiko da saƙo ta hannuna, yana kiran wayata duk Juma'a. Bai zo ba. Amma in na tuna tafiyar nan, isowarmu gida ce ta fi ci mini rai.

Da la'asar muka shiga Dudunni. An share tsakar gida, an yi wa ɗakin da ke kusa da zaure sabon yaɓe, har an rataya masa labule. Adawiyya ta fito da sauri tana gyara mayafi. Ta gaishe da mijinta, ta gaishe ni, sannan idonta ya wuce mu ya tsaya a bakin zaure. Ta daɗe tana kallon wurin. Ɗan farinta ne, ba ta da bakin tambaya, mijinta kuma ba shi da bakin faɗa. Ni mai bakin, ranar na rasa shi.

Ta ce, "Kun sha hanya," ta karɓi ledar shayin ta shiga madafa. Kwano uku ta riga ta jera a kan tabarma, kowanne da murfinsa. Ta dawo ta ɗauke ɗaya, ta juye tuwon cikin tukunya.